Sallama a Ƙofar Gidan Ubana

Shekara tara na yi ban taka garinmu ba. Na bar shi ina saurayi, da gyambo a ƙafar hagu wanda ya gagari sassaƙe da tofi, aka ɗora ni bisa jaki har asibitin mishan da ke ƙasar Madawa. Ƙafa ta warke cikin wata huɗu, ni kuwa na ƙi komawa. Na fara da shara, na koyi karatu, na koyi ɗaurin miki, daga baya aka yi mini baftisma. Labari ya riga ni isa gida tun ban tsara yadda zan faɗe shi ba. Daga nan ba wanda ya aiko mini da zagi, ba kuma wanda ya aiko da gaisuwa. Sau ɗaya kawai wani mai fataucin albasa ya tsaya a bakin asibiti ya ce mini kakata ta rasu, har an yi kwana arba'in.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. A wurinmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zaman hira da shi, ko zazzaɓi yake yi sai dai su tambayi wani yadda ya kwana. Kakata ce ta raine ni. Ita ce bakina a wurinsu, ita ce kuma bakinsu a wurina. In ubana yana son in je gona da sassafe, ita zai gaya wa, ita kuma ta tashe ni da zungurin sanda tana kirana malalacin miji. Da ta rasu sai na rasa ta inda zan bi in ji abin da ke ransu. Abin da nake so in sani bai taka kara ya karya ba, amma ya hana ni sakewa: in na koma, ko har yanzu ina da wurin sa hannu a akushin da nake ci da ƙannena uku, ko kuwa an cike gurbin.

Ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai, wani Bature mai gyaran injin wuta na asibitin zai koma ƙasarsu, ya bar mini tsohon babur ɗinsa, abin da mu can muke kira moto. Baƙi ne, mai taurin kai, ba ya tashi sai an roƙe shi. Halinmu ya zo ɗaya. Da kaka ta yi, aka gama yankan gero, na nemi hutun kwana goma aka ba ni. Na ɗaure tamfol da bargo da gidan sauro a baya, da buta, da ƴar tukunya, da bido biyu, wato galan, na isansi don na san ba inda zan sami mai a hanya sai Buza, can ma sai an dace. A kasuwar Madawa na sayi tabarmi biyu masu kyau, da goro, da sukari, da turmin atamfa na uwata, da kilishi na guzuri.

Garinmu yana bayan Keita, cikin wani kwari tsakanin duwatsu biyu. Mai babur da ya san abin da yake yi zai iya barin Madawa da asuba ya isa kafin faɗuwar rana. Ni kwana huɗu na yi. A lokacin na gaya wa kaina ina so ne in ga ƙasa. Ƙarya nake yi, tsoro ne.

Maimakon in miƙe arewa, sai na karkata gabas wajen Karofane, inda ba ni da kowa, ba kuma abin da na ajiye. Hanyar ba hanya ba ce, sawun jakuna ne da raƙuma a tsakanin gonaki. Ko'ina dammunan gero a jingine, mutane bisa tsani suna zuba su cikin rumbunan laka. In sun ji ƙugin babur sai su tsaya cak. Wasu su ɗaga hannu, wasu su cire hula, don a zamanin mai wando da tabarau bisa moto ko dai ɗan gwamnati ne ko wanda gwamnati ta aiko. Ina ɗaga musu hannu ni ma kamar wani kumandan, raina kuwa yana ɓaci, don harshen da suke gaishe ni da shi a tsorace shi na sha a nono.

Da la'asar sakaliya na kauce daga hanya, na sami wani gawo a gefen gona, na ɗaure tamfol daga reshensa zuwa kan babur. Ga gari can ina hangen hayaƙinsa. Na san in na je ƙofar maigari za a ba ni ɗaki da tuwo, ba wanda zai nemi ko anini. Amma na san kuma abin da za a tambaye ni da zarar na ajiye ƙwaryar ruwa: ɗan wa ne kai, kuma ina za ka. Ban shirya wa ko ɗaya amsa ba. Na hura wuta da karan gero, na dafa shayi, na ci kilishi. Daga garin ana jin daka, da kukan awaki ana shigar da su, da wata mata tana ƙwala wa ɗanta kira. Ta kira shi ya fi sau goma. Na ji kamar in amsa mata don ta huta.

Washegari a wata rijiya kafin Buza na tsaya cika buta. Wata tsohuwa ce ta miƙo mini gugarta. Na ɗage tabarau don in wanke fuska, sai ta matso ta ƙura mini ido ba kunya.

"Kai, mushe," ta ce, don haka suke kiran duk mai boko, "tsagag ga taka ta mutanen bayan Keita ta. Ɗan wa na kai?"

Na ce mata ni ɗan hanya ne.

"Hanya ta haihe ka? To gaishe ta. Ni dai na ga hwuskar da anka sa ma aska, kuma mai askar ba bisa hanya yas same ka ba."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ɗaure buta cikin fushi, na taka babur don in tafi da girmana, shi kuwa ya zaɓi wannan lokacin ya ƙi tashi. Sau bakwai ina takawa, tsohuwar tana ƙirgawa da ƙarfi. Har na yi nisa ina jin shewarsu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, daga baya na riƙa jin kewar tsohuwar, don tun rasuwar kakata ba wanda ya yi mini irin wannan tsiya.

A Buza na ƙara mai, ban kwana ba. Na hau dutse, na nufi Tabotaki, wanda shi ma ba hanyata ba ce. Saman dutsen nan fili ne shimfiɗe, baƙaƙen tsakuwa iyakar ganinka, sai geza da sabara jefi-jefi. Ka yi tafiyar awa ba ka ga ɗan Adam ba. A nan na kwana na biyu. Gari ya waye ranar Lahadi, na san a daidai wannan lokacin abokan aikina suna cikin majami'a, mata a gefe ɗaya da ƴaƴansu a baya. Na zauna bisa bido na buɗe littafina na karanta, na ɗauko waƙa. Ban kai ƙarshen baiti na farko ba na yi shiru. Waƙar da aka saba yi da mutum ɗari, in ka yi ta kai kaɗai a fili sai ka ji muryarka kamar ta ɗan akuya.

Da na gangaro wajen Tabotaki na faɗa cikin wata korama busasshiya, yashi ya haɗiye ƙafar baya. Na sauke kaya kaf, na tura, na ja, na zagi babur da wanda ya ƙera shi. Da na fitar da shi kuma ya mutu. Na kwance buji, wato filogi, na goge, na hura, na mayar, shiru. Gaskiya ban ji zafin abin ba. Mutum ba ya zargin kansa da ɓata lokaci in inji ne ya lalace.

Ina zaune a inuwar aduwa sai ga wani dattijon Buzu da raƙuma biyu. Ya dube ni, ya dubi babur, ya durƙusar da raƙuminsa. Bai taɓa injin ba, bai ba ni shawara ba. Ya fito da butarsa ƴar ƙarama da gawayi, ni na fasa sukarin da na saya wa gida. Muka sha shayi zubi uku. Hausarsa kaɗan ce, ni kuwa ba na jin yarensa ko na gaisuwa. Bai tambaye ni ɗan wa ba ne. Da rana ta karkata ya yi salla, ya miƙo mini hannu, ya tafi. A duk tafiyar nan ba wanda na ji daɗin zama da shi kamarsa, kuma duka maganar da muka yi ba ta kai ta cika cokali ba. Nan na yi kwana na uku, da safe babur ya ga dama ya tashi.

Kwana na huɗu a bakin tabkin Keita na yi shi. Daga nan ina ganin duwatsun garinmu. Da safe na yi wanka, na aske gemu a madubin babur. Na fito da riga ƴar shara da na zo da ita na sa, na dubi kaina, na cire. Na ce in na je da ita za su ce na zo lallashi. Na mayar da wandona da taguwar kaki. Girman kai ne, kuma na gaje shi ne a gidan da zan je.

Da hantsi na shiga gari. Na kashe inji tun daga bakin rijiya, na tura da hannu. Gari ya ƙaru kaɗan. Gindin tsamiyar da ake yanka jan akuya kafin shuka, inda ubana yake riƙe wuƙa tun ina yaro, yanzu an share shi an kewaye da duwatsu, ga butoci a jere. Ashe ba ni kaɗai ne na sake hanya ba cikin shekarun nan. Gidanmu yana nan yadda na bar shi, zaure ɗaya, da turken jaki a hagu. Ƙofa a buɗe. Ina jin muryoyi a ciki, da suka ji tsayuwata sai suka yi tsit.

Na jingine babur. Na tsaya a bakin zaure na ce, "Salamu alaikum." Na kuma tsaya ina jira.

Shekara tara ina aiki da Turawa. A wurinsu ko ƙofa a wangale take, ko kai ka share ɗakin da safe, sai ka tsaya ka ƙwanƙwasa, ba ka sa ƙafa sai an ce shigo. An yi mini faɗa a kan haka har ya zama jikina. Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta tsaya da kanta. Na sake sallama, na ƙara da ta uku, kamar mai neman a sayar masa da kaza.

Can ƙanena mai bi mini ya fito. Na bar shi yaro, yanzu ga shi da gemu, daga baya na ji har ya yi ƴaƴa biyu. Ya amsa sallamar, ya dube ni, ya waiga cikin gida, ya sake dubana. Na ga kamar yana jiran wani abu. Ni ma ina jira. Daga nan ya ce, "Maraba, Yaya. Sannu da hanya." Ya koma ciki ya fito da tabarma, ya shimfiɗa mini a zaure.

Na ce a raina, to, ga amsarka. Na zauna.

Ban taɓa ganin an karrama mutum kamar yadda aka karrama ni a kwana ukun nan ba, ban kuma taɓa jin kaɗaici irin nasu ba. Aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Aka kawo fura da nono. Da maraice aka yanka zakara, aka kawo tuwo a sabon akushi, ƙanena ya ajiye ya fita ya sakaya ƙofa, yadda ake yi wa baƙo don ya ci ba kunya. Ta bayan bango ina jin ƙannena sun zauna cin nasu, wani yana cewa wani ya cika loma. Na dubi sabon akushin nan na ce, wato sun sayo shi ne don kada hannun Kirista ya taɓa nasu. Na ci cinya ɗaya don kada a ce na raina, sauran na rufe.

Ubana yakan wuce ta zauren sau biyar a yini zuwa salla. In na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni," sai ya amsa yana duban bango, ya wuce. Wannan ba sabon abu ba ne, haka yake amsa mini tun ina yaro, amma yanzu sai na fassara shi da ƙiyayya. Uwata sau ɗaya ta zo. Ta tsaya ta cikin gida, gefen ƙofar zaure, ina ganin gefen zanenta da ƙafarta kawai. Ta ce, "An zaka lahiya?" Na ce lafiya lau, Inna. Ta ɗan jima a tsaye. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Daga nan ƙafar ta juya. Tsarabar da na kawo ta hannun ƙanena na aika da ita, ta hannunsa kuma godiya ta dawo.

Mutanen gari suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa da ciwonsa. Na wanke miki, na ɗiga maganin ido, na cika zauren ubana da warin aidin. Suna kirana likita. Na sha aiki don kada in zauna in saurari dakan uwata, wanda na gane shi cikin na sauran mata tun ranar farko, don tana ɗan jinkirta bugu na uku.

Ranar da na cika kwana uku na ce wa ƙanena hutuna ya ƙare. Ba ƙarya na yi ba, kwanakin da zan yi a gida na riga na zubar da su a Karofane da Tabotaki. Ya kawo ƙunshin guzuri daga ciki na ɗaure a baya. Na yi bankwana da bango. Ina fitowa sai na ga ubana a tsaye da sandarsa. Bai ce komai ba, ya shiga gaba. Rakiya zai yi mini. Ban tayar da inji ba, na bi shi ina turawa.

Muka wuce rijiya, inda ake juyawa in an raka baƙo. Bai juya ba. Muka wuce gonakin gari har bakin hawan dutse. Nan ya tsaya, ya dogara sanda, ya fuskanci wata magarya da ke gefen hanya. Da ita ya yi maganar, bai ambaci uwata ba, bai ambace ni ba.

"Tun da anka ce an ga mai moto bakin tabki, wata tas share ɗakin tsohuwa, tas sa turare. Anka ƙara tsaba cikin tuwon samari. Sai wani yaz zaka ƙohwag gidan ubanai yat tsaya shina sallama, hab bugu ukku, gari duka na ji."

Na ce, "Baba, ba wanda ya ce in shigo."

A karo na farko a rayuwata ya juyo ya dube ni ido cikin ido, na ga idanunsa sun yi fari-fari da yana, abin da da na lura da shi tun farko da na san maganinsa.

"Wa ka ce ma ɗa shi shigo gidansu? Mu cewa munka yi addinin naka ya hana ka. Munka ce kada mu matsa ma."

Da kakata tana raye, da tun sallamar farko ta fito ta ja ni da kunne har tsakar gida tana zagina. Ita kaɗai ke da wannan bakin. Su ba su da shi, ni kuwa na zauna kwana uku ina fushi da mutanen da ke jirana.

Ya ce Allah shi kiyaye hanya, ya juya. Tafiya yake a hankali ƙwarai, fiye da yadda tsufansa ya kai, bai waiga ba. Na san abin da wannan sanyin tafiyar yake nufi. Da na juya kan babur, kafin ya kai rijiya na cim masa. Na tsaya riƙe da ƙahon babur ina lissafin banza: gari duka ya ga an raka ni, aiki yana jirana jibi, me zan ce in na shiga. Ina nan tsaye har ya shige tsakanin rumbuna. An sha tambayata abin da ya hana ni, har yau ban sami amsar da ba ta ba ni kunya ba. Sai bayan shekara biyu na shiga tsakar gidan nan ba sallama, kuma zaman makokin uwata ne ya kai ni.

Ran nan ban bi ta ko'ina ba, na miƙe kudu. Rana tana shirin faɗuwa na tsaya bisa dutse kafin gangaren Buza. Ban ɗaura tamfol ba. Na kwance ƙunshin guzuri. A sama dunƙulen fura ne manya guda shida, da soyayyen naman kaza, guzurin baƙo mai daraja. A can ƙasa kuma akwai wani ƙulli a cikin tsohon tsumman zane. Na kwance shi, sai ga ƙanzo, na gindin tukunya, har da baƙin ƙonuwa a jikinsa. Ba macen da za ta ba baƙo ƙanzo, abin kunya ne. Wannan ɗan gida ake kankare wa, a miƙa masa a bayan murhu ba tare da an dube shi ba.

Na zuba ruwa a tukunya don in jiƙa shi, na kasa jira. Na zauna a ƙasa na jingina da babur, na ci shi a bushe ina kuka.